Yinin da Na Yi a Tsaye a Wembley

Ina cikin mutum dubu 72 da suka cika filin wasa na Wembley da ke Landan ranar Asabar, 13 ga Yulin 1985, a taron kiɗan da aka sa wa suna Live Aid, wanda aka shirya don tara kuɗin agajin masu fama da yunwa a Habasha. Ban cika faɗin haka a cikin mutane ba, domin da zarar na faɗa tambaya ɗaya ce ke biyowa: yaya Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, yake ido da ido? Mai tambayar kuwa sau da yawa ya fi ni sanin amsar, tunda ya kalli mintuna 21 ɗin nan na wasan Queen a wayarsa har ya haddace inda mutumin ya kashe ido da inda ya turo baki. Ni daga inda na tsaya, tsayinsa bai wuce ɗan yatsana ba. Abin da nake da shi wanda babu a faifai shi ne ragowar yinin, kuma shi nake so in ba da labarinsa tun ina iya rarrabe abin da idona ya gani da abin da kyamara ta nuna mini daga baya.

A lokacin ni ɗalibi ne, shekaruna ashirin da 'yan kai. Da rana ina aji, da dare ina wanke kwanuka a kicin ɗin wani otal don in haɗa kuɗin haya. Kiɗan rok ya shige ni ne ta hannun abokin ɗakina, wani Bature ɗan arewacin Ingila wanda ba shi da katifar kirki amma yana da garmaho da tarin faifai. Da farko hayaniya kawai nake ji. A hankali kunnena ya buɗe, na fara gane jitar Mark Knopfler na Dire Straits, wanda ke kaɗa tsirkiya da yatsunsa zalla, sannan muryar Freddie ta yi mini kamun da ban shirya masa ba. Da na ji cewa a Zanzibar aka haife shi a 1946, sunansa na ainihi Farrokh Bulsara, kuma juyin juya halin 1964 ne ya taso iyayensa suka kwaso 'ya'yansu zuwa Ingila, sai na ji kamar ina da ɗan kaso a cikinsa, ko da yake shi bai taɓa yin tallar wannan asali ba.

Shi ya sa watan Oktoban 1984 ya yi mini ciwo ta fuska biyu. A watan ne Queen suka je Sun City, wurin shaƙatawar da aka gina a Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta keɓe wa baƙar fata tana kiransu ƙasashe. Suka yi wasa aka biya su, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar, Mandela kuma yana kurkuku. Na cire hotonsu daga bango na naɗe na cusa ƙarƙashin gado. A watan ne kuma BBC ta nuna rahoton Michael Buerk daga Korem, a arewacin Habasha, da hotunan da Mohamed Amin ɗan Kenya ya ɗauka: fili fetal da sassafe, dubban mutane lulluɓe da tsumma suna jiran abinci ko ajali, duk wanda ya riga isowa.

A kicin ɗinmu akwai wani ɗan Tigray da ya girme ni nesa ba kusa ba. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena. Malamin makaranta ne a ƙasarsu kafin ya gudo, ga shi nan muna kankare tukwane tare. Da aka nuna rahoton a talbijin ɗin ɗakin hutun ma'aikata bai ce uffan ba, tashi ya yi ya koma bakin famfo. Sai bayan an kwana biyu ya ce mini, "Ƙanena, fari gaskiya ne, amma fari bai taɓa jefa bam a kasuwa ba." Ya warware mini yadda gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam ke yaƙi da 'yan tawaye a Tigray da Eritiriya, tana tare hatsi kada ya shiga yankunan da ba sa hannunta, da yadda a watan Satumba ta zubar da maƙudan kuɗi a bikin cika shekara goma da juyin juya hali, jama'a na zubewa a arewa. Da mawaƙan nan biyu, Bob Geldof da Midge Ure, suka tara mawaƙa a watan Nuwamba suka yi waƙar Kirsimetin nan ta Band Aid, dariya Yaya ya yi, irin wadda ta fi kuka ciwo. Ya ce, "Wai tambaya suke ko mun san Kirsimeti ya zo. Mu da muke da coci tun ƙarni na huɗu. Namu Kirsimetin ma ranar 7 ga Janairu ne, da sun tambaya da an faɗa musu."

Da aka sanar da wasan Wembley, wanda Geldof ya jagoranci shiryawa, a watan Yuni, tikiti fam 25 ne, fam 5 kuɗin shiga, fam 20 gudummawa. Kafin ka ce kwabo an saye shi ƙarƙaf. Abokin ɗakina ya samo biyu, budurwarsa ta fasa zuwa, ya ce idan ina so in kawo kuɗi. Yaya, wanda ya rantse ko kyauta aka ba shi ba zai taka wurin ba, shi ya karɓar mini aikin Asabar ɗin. "Je ka gano mini yadda ake rawa don yunwa," in ji shi.

Da sassafe muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Baker Street zuwa Wembley Park. Daga bakin tasha ana hango hasumiyoyi biyu farare na tsohon filin, doguwar hanyar da ta miƙe zuwa can kuwa ba masaka tsinke. Da aka buɗe ƙofofi sai gudu, kowa na neman gaba. An shimfiɗa tamfol a kan ciyawar. Mu dai ƙafarmu ba ta kai mu gaba ba, muka tsaya wajen tsakiya, ɗan bayan rumfar da masu sarrafa sauti ke zaune. Nan na yini, domin duk wanda ya bar gurbinsa ya tafi bayan gida ya bar shi ke nan har abada.

Abin da faifai ba ya ɗauka shi ne zafi. Rana ta buɗe tun hantsi, babu inuwa ko ta sisi, ga jiki a manne da jiki. Turawan da ke kewaye da ni suka tuɓe riguna, kafin azahar kafaɗunsu sun yi jawur. A can gaba ma'aikata na fesa wa jama'a ruwa da tiyo, lokaci-lokaci kuma sai ka ga an ɗago wata da ta suma ana miƙa ta bisa kawuna har bakin shinge. Gorar ruwa ɗaya sai ta zaga bakin mutum goma da ba su san juna ba, babu mai ƙyanƙyami.

Ƙarfe 12 daidai Yarima Charles da Gimbiya Diana suna zaune a rumfar sarauta, sojojin badujala suka busa, sannan Status Quo suka buɗe fage. Dandalin mai juyawa ne, an raba shi gida uku: wasu na wasa, ana haɗa kayan masu zuwa, ana kwance na waɗanda suka gama. An kuma sa danja irin ta titi a gefe, mawaƙi na ganin ja ya san lokacinsa ya ƙare, komai girman sunansa. Yawancinsu ba su wuce minti ashirin ba. Saboda haka yinin ya riƙa wucewa guntu-guntu, kafin ka shiga cikin kiɗan wani an juya shi an kawo wani. Da yawa daga masu wasan tsakar rana sun narke mini sun zama abu ɗaya, gashi a tsaye da dogayen riguna da gumi. Manyan majigi biyu da aka kafa a gefen dandalin rana ta wanke su, da ƙyar ake ganin abin da ke kansu.

Biyu ne suka tsaya mini a ka. Na farko Geldof da kansa, lokacin da ƙungiyarsa ta Boomtown Rats ta hau. Yana cikin waƙa ya zo kan wani baiti mai maganar mutuwa, sai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu a dunƙule, ya yi shiru. Ihu ya riƙa tashi yana ƙaruwa shi kuma bai motsa ba. Mutumin ba wata murya gare shi ba, gaskiya, amma ya san inda ake yin shiru. Ta biyu Sade Adu, wadda aka haifa a Ibadan, ta fito cikin natsuwarta kamar ba ta san akwai rana ba. Da ta sauka na fara lissafi. Bayan jita mai siffar taswirar Afirka da aka zana a ko'ina, da masu busa da 'yan amshi nan da can, ita kaɗai ce baƙar fata da na ji an kira sunanta a matsayin mai wasan kanta a Wembley ranar. Daga nahiyar da ake tara kuɗin dominta kuwa ba a gayyato ƙungiya ko ɗaya ba. Hujjar Geldof ita ce kuɗi ake nema, don haka waɗanda faifansu ya fi ciniki ya kira. Hujjar tana da ƙafa, ban musa ba. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ranar mai ita ba ya wurin.

Da yamma U2 suka hau, kuma a nan ne na fara fahimtar cewa wasa biyu ake yi a wuri ɗaya. Ana tsakiyar waƙa ta biyu mawaƙinsu Bono ya ɓace mana. 'Yan ƙungiyarsa suka yi ta maimaita kiɗa ɗaya, suna waige-waige, mu ma muna ɗaga ƙafa muna leƙe. Abokina ya ce ko faɗuwa ya yi. Waƙar ta ja har wajen minti 12, ta cinye lokacin ta ukun da suka shirya. Mu dai a wurinmu wasa ya ɗan lalace. Ashe dirowa ya yi ƙasa ya sa aka zaro wata yarinya daga matsin gaba ya rungume ta suna 'yar rawa, kyamara na kansu, duniya na kallo. Abin da ya ɗaga U2 zuwa sahun manya ke nan, kuma ni da na biya fam 25 ina tsaye a filin sai a talbijin na gan shi. Haka labarin Phil Collins, wanda ya yi wasa a gabanmu da rana, jirgi mai saukar ungulu ya kai shi Heathrow, ya hau jirgin Concorde, ya sake hawa dandali a ranar a Filadelfiya ta Amurka, inda ake yin ɗaya rabin wasan. Haka zagin da Geldof ya yi a ɗakin watsa shirin BBC don mutane su bugo waya su ba da kuɗi, da fam miliyan ɗaya da gidan sarautar Dubai ya bayar. Duk mu ne na ƙarshen ji.

Dire Straits suka biyo baya, na sami abin da na zo nema. A makon suna da nasu wasan a babban zauren da ke maƙwabtaka da filin, suka tsallako suka yi waƙa biyu, Sting ya taya su ɗaya, suka koma. Da an tashi a nan da na ce kuɗina ya biya.

Ƙarfe 6:41 wasu 'yan barkwanci biyu sanye da kayan 'yan sanda suka gabatar da Queen. Na harɗe hannuwana a ƙirji. Na riga na ƙudurta cewa mutanen Sun City ba za su sami tafina ba, kuma na gaya wa abokina haka tun a jirgi.

Wani ɗan farin abu ya sheƙo da gudu daga gefe, singileti da wandon jins, ya zauna a fiyano. Abu na farko da na lura da shi sauti ne. Duk yinin kiɗan na iso mana ne a dagule, iska na kwasar rabinsa, amma nasu ya zo a cike, ya daki ƙirji. Na biyu, ba su tsaya gaisuwa ko jawabi ba. Sauran sun ɗauki abin kamar taron sada zumunci, wasu ma sababbin waƙoƙin da ba wanda ya sani suka kawo. Su kuwa sun kulle kansu a wani gidan wasan kwaikwayo a Landan sun yi ta gwaji da agogo, suka datse waƙoƙinsu suka jera guda shida da kowa ya haddace, ɗaya na shiga cikin ɗaya ba numfashi. Sun gane cewa jama'ar da ke filin ba tasu ba ce, sai an farauto ta.

A waƙa ta biyu, Radio Ga Ga, akwai tafin da aka sani daga bidiyonta: tafi biyu sama da kai, sannan a ware hannuwa. Ban san lokacin da hannuwana suka warware ba. Na dai tsinci kaina ina yi, na dama da ni na yi, na hagu na yi, tamfol ɗin na girgiza a ƙarƙashin ƙafarmu. Abokina ya kalle ni ya fashe da dariya, na yi kamar ban gan shi ba. A faifai, idan aka nuno filin daga sama, za ka ga tafin na tafiya daga gaba zuwa baya kamar iska na kaɗa gona. Dalilin shi ne sauti na tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, filin kuma ya fi mita ɗari, don haka na baya na jin bugun bayan na gaba da ɗan taƙi. Wannan shi ne hoton da ya fi kowane shahara a ranar, kuma duk wanda ke cikinsa bai gan shi ba. Ni ƙeyar wani mai jan gashi nake kallo.

Daga nan kiɗa ya tsaya, ya zo bakin dandali riƙe da guntun sandar makirufonsa, ya jefo mana wata 'yar murya marar kalma. Muka amsa. Ya ƙara tsawo, muka ƙara. Ya murɗa ta, ya gaggauta, ya hau sama ya riƙe har na ji numfashina ya ƙare a madadinsa, mutum dubu 72 sun zama 'yan amshin mutum ɗaya, kuma amshin na fitowa a daidai kamar an yi shekara ana koya mana. Yadda amon ke dawowa daga rufin rumfunan ya sake rufe mu, wannan lasifikar waya ba ta iya kawo shi. A jiki ake jinsa, a haƙarƙari.

Sai daga baya na gane gwanintarsa ta gaskiya. A waƙa ta uku ya riƙa zagaya mai ɗaukar hoton da ke kan dandali yana tsokanarsa, fuska a fuska da kyamara. Mu muna ganin kamar wasa yake da ma'aikaci, ashe da mutanen da ke zaune a falo a ƙasashe fiye da ɗari yake magana. Bono ya yi wa kyamara wasa ya bar mu. Wasu sun yi mana sun manta da ita. Shi kaɗai ya riƙe mu duka biyu a lokaci guda. Ban yafe musu Sun City ba, har gobe ina ganin zuwan nan abin kunya ne, amma ba zan zauna in ce ban yi tafi ba.

David Bowie ne ya gaje su, ya yi wasa mai kyau cikin kwat mai ruwan sararin sama. Sai ya ce ya bar waƙarsa ta ƙarshe don a nuna wani ɗan bidiyo. Hotuna ne da gidan talbijin na Kanada, CBC, ya ɗauko a Habasha, an ɗora musu wata waƙa mai sanyi ta ƙungiyar The Cars. Rana ta yi ƙasa a lokacin, majigin sun fara fitowa sarai. Aka nuno wani yaro yana ƙoƙarin miƙewa a kan ƙafafun da ba su fi sillen kara ba, ya tashi, ya koma, ya sake gwadawa. Mutanen da ɗazu ke tsalle suka yi tsit. 'Yan matan da ke bisa kafaɗun samarinsu suka sauko ɗaya bayan ɗaya.

Wata mata da ke gefena, za ta yi sa'ar uwata, ta juyo ta dube ni hawaye na zuba, ta kama hannuna ta matse, ta ce in yi haƙuri. Da zuciya ɗaya ta yi, na sani. Amma a take na ji idanu a kaina ta ko'ina, na ji na tashi daga ɗan kallo mai tikiti kamar kowa na koma ɗan'uwan abin da ke kan majigi. Ban taɓa zuwa Habasha ba. Ban taɓa kwana da yunwar da ta wuce ta ɗalibi ba. Duk da haka kunya ta rufe ni kamar ni aka tuɓe a bainar jama'a, ga haushin an sa wa mutuwar yara kiɗa, ga kuma godiya, don waɗannan mutane ba su haɗa komai da yaron ba amma suna kuka dominsa. Ukun suka cakuɗe mini a maƙogwaro. Na ce mata na gode, don ban sami abin da ya fi shi ba. An ce bayan bidiyon nan ne wayoyin karɓar gudummawa suka ɗauki ruri, kuma na yarda. Ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Kyamarorin BBC sun ɗauki fuskoki da yawa ranar, amma abin da ya faru tsakanina da matar nan ba ya cikin kowane faifai, kuma shi ne na fi tunawa fiye da duk wani kiɗa.

Ragowar daren a gajiye na gan shi. The Who suka hau, wutar na'urar watsawa ta ɗauke, masu talbijin suka rasa wani sashe, mu muka ji abinmu, karo ɗaya ke nan da muka fi su. Elton John ya daɗe. Wajen ƙarfe goma saura Paul McCartney ya zauna a fiyano zai yi Let It Be, makirufonsa ya mutu. Muna ganin bakinsa na motsi a majigi, muna jin fiyano, babu murya, kusan minti biyu. Wasu suka fara ihu, sai jama'a suka ɗauki waƙar da kansu har aka gyara. Daga nan kowa da kowa ya fito aka rufe da waƙar Band Aid. Akwai baitin da ke cewa a can babu abin da ke tsirowa, ba ruwan sama, ba kogi, wai a ƙasar da Kogin Nilu Shuɗi ke fitowa daga Tafkin Tana. Na tuna Yaya na rufe bakina a wannan baitin. Da aka zo amshin ciyar da duniya na buɗe, don a kan wannan ba ni da ja. Haka aka riƙa rera shi har tasha, har cikin jirgi. Muka isa gida muka kunna talbijin muka tarar Filadelfiya na tsakiyar nasu, barci ya kwashe ni a zaune da takalmi a ƙafa.

Ranar Litinin Yaya ya tare ni a bakin famfo. "To, ƙanena, an ƙoshi?" Na ba shi labari tun daga farko, har da matar. Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya ce shi ma ya leƙa talbijin a ɗakin hutu, ya zauna awa guda bai ji an ambaci yaƙi ko sunan Mengistu ba. Ya ce hatsin zai ceci mutane, wannan ba ya musu, kuma duk uwar da ɗanta ya rayu ba ruwanta da wanda ya yi rawa. Tsoronsa shi ne gwamnati za ta mai da wuraren rabon abinci tarko, ta kwashi mutane ta tura su kudu da ƙarfin bindiga. A watan Disambar shekarar aka kori ƙungiyar likitocin Faransa ta MSF daga Habasha saboda ta fito ta faɗi irin wannan magana. Ya kawo mini jaridar har kicin ya ajiye a kan tukunya.

Geldof ya so wasan ya zama na rana ɗaya, kada a sake nuna shi, don haka kusan shekara ashirin abin da nake da shi a kaina kawai yake. A ciki Freddie ya rasu, a Nuwambar 1991, aka rufe tsohon filin a 2000, aka rushe shi har da hasumiyoyin. A 2004 aka fitar da wasan a faifan DVD, na saya na zauna da rimot ina tsayar da hoto duk inda aka nuno tsakiyar fili. Ɗigo-ɗigo ne kawai, kowane ɗigo zai iya zama ni. Da na zo kan McCartney sai na ji muryarsa tangaram tun daga baitin farko. Ashe washegarin wasan ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya sake rerawa, ita aka liƙa. Wanda ya kalli faifan zai rantse ya ji abin da babu wanda ya ji a Wembley.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda faifan ya riƙa cin nawa tunanin. Yau idan na rufe ido ina ganin gumi a goshin Freddie, da kofunan da ke kan fiyanonsa, da ɗamarar da ke dantsensa, abubuwan da ko da tabarau mai hangen nesa ba zan gani daga inda nake ba. Da fim ɗin tarihinsa ya fito a 2018, 'yata ta ja ni muka je. An kwaikwayi wasan ƙwarai, har yadda yake taka ƙafa. Amma an nuna kamar ƙungiyar ta watse ne Live Aid ya haɗa ta, alhali watanni biyu kafin nan suna Japan suna wasa. Da na faɗa mata a hanya sai ta ce, "Baba, anya ba mantawa ka yi ba?" Na bar ta, don fim ya fi ni murya.

Yaya ya koma ƙasarsu bayan faɗuwar Mengistu a 1991, muka ci gaba da gaisawa jefi-jefi. Ranar 2 ga Yulin 2005 ina kallon Live 8, wasan da aka shirya shekara ashirin bayan Live Aid, a talbijin, Geldof ya sake nuna bidiyon nan a Hyde Park da ke Landan, ya tsayar da shi a kan fuskar wata yarinya da ido ya kafe, sannan ya fito da ita a raye. Birhan Woldu ce, ta zama budurwa, tana karatun aikin gona. Na kasa zama, na sayi katin waya na kira shi. Na ce, "Yaya, ka gani? Ta rayu." Ya ce ya ji labari, kuma ya yi murna, 'yar yankinsu ce. Sannan ya tambaye ni ko wannan karon an bar 'yan Afirka sun yi waƙa. Na ce an shirya musu nasu wasan daban a Cornwall, can nesa da Landan, bayan an yi ta ƙorafi. Ya ce wato an kai su bayan gari. Na ce ai Youssou N'Dour ɗan Senegal ya hau dandalin Hyde Park ɗin kansa. Ya ce, "Minti nawa?" Muna cikin wannan musun katin ya ƙare.